Tumbina da Bakin Rumbun Baba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka buɗe rumbun Baba ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba. Har yau in na sauka daga mota na kama 'yar hanyar da ta ratsa gonaki zuwa gida, sai an sami wanda zai ɗago daga noma ya ce, "Malam, ya jikin rumbu?" Ni kuwa sai in ce da sauƙi, in ƙara sauri.

Ƙauyenmu yana gefen Minjibir, irin wurin nan da gona ke taɓa gona, gida ke hango gida. In aka soya albasa a gidanku, maƙwabta sun san yau akwai baƙo. A tsakar gidanmu akwai rumbun ƙasa, wanda tsofaffi ke kira rufewa. Baba ne ya gina shi da hannunsa tun kafin a haife ni. Yana zaune a kan duwatsu, ya fi dangar gidan tsayi nesa ba kusa ba, bakinsa kuma a can sama yake, ɗan zagaye, da murfi da 'yar jinka a kai. Sai an hau tsani ake kai wa gare shi.

Ina yaro ni siriri ne kamar sillen kara, har Inna kan yi ta ɗura mini kunu tana ƙunƙuni. Baba kan kama wuyan hannuna biyu ya zura ni cikin rumbun, in sauka a kan zangarniyar gero. Wurin akwai sanyi da duhu, ga ƙamshin hatsi da toka da busasshen ganyen darbejiya. In ka yi magana muryarka ta dawo maka da kauri kamar ta babban mutum, don haka nakan tsaya in yi ta kiran sunana. Sai fuskar Baba ta tare hasken bakin rumbun ya ce, "Ka isa ƙasa?" In ce na isa. Ya ce, "To bar surutu, miƙo." Ban san wani wuri a duniya da na fi jin daɗinsa kamar cikin rumbun nan ba.

Amma akwai ƙa'ida. Bayan kaka Baba kan cika rumbun ya liƙe murfin da laka, ba a kuma taɓa shi sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ranar buɗewa, maigida ne ke fara shiga da kansa. Ya yi bismillah, ya fito da goran iri, ya fito da ƙwaryar farko ta sadaka, sannan yaro ya samu izinin shiga. Ban taɓa ganin an saɓa wannan ba.

Daga baya na tafi karatu Bici, na yi koyarwa, aka ɗauke ni daga aji aka ba ni tebur a ofishin ilimi, na tare a Bacirawa da matata Binta. Tsakanin kujerar ofis da girkin Binta da gurasar wani bawan Allah da ke ƙofar ofishinmu, tumbi ya zo ya zauna. Bai yi sallama ba. Na dai wayi gari 'yan kasuwa na ce mini Alhaji alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. (Gaskiya ban taɓa gyara wa kowa ba. Har wani shafa shi nake in ana magana mai muhimmanci.)

Shekarar da abin ya faru, Baba ya cika rumbu ya liƙe, bayan sati shida Allah ya karɓi abinsa. Da na hau tsani bayan an watse daga zaman makoki, sai na ga inda ya dafa ɗanyar laka a gefen bakin rumbun. Tafin hannunsa ne raɗau, yatsu biyar, har da ɗan karkataccen ƙaramin yatsan da garma ta taɓa karya masa. Na daɗe a tsaye a kan tsanin nan.

Ranar sadakar arba'in Inna ta dubi Binta ta ce, "Ki gaya masa bana shi zai buɗe." Ina zaune a gabanta fa, tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Ni ne ɗan fari, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, in tana da magana da ni sai ta nemi wanda za ta bi ta kansa. A da ta kan Baba take bi, da ya rasu sai Binta ta gaji aikin. Binta ta juyo ta ce, "Ka ji." Na ce na ji.

Da yamma na kwance igiyar akuya, na hau tsani kamar mai duba jinka, na auna bakin rumbun na ƙulla alama. Na shiga banɗaki na zagaya igiyar a cikina. Yatsu huɗu suka rage ba ta haɗu ba. A nan hankalina ya tashi, don abu biyu ne kawai na gani a gabana. Ko in ce wa Inna ɗanta na fari ba zai iya shiga rumbun ubansa ba, ko a fasa bakin a faɗaɗa, tafin hannun Baba ya zama ƙura. Duka biyun ban ga wanda zan iya ba.

Ina da watanni a hannu, na kuma yi ƙoƙari, kada a ce ban yi ba. Na daina cin abincin dare kwana uku, a na huɗu na rama har da na gobe. Na fara tafiya masallaci mai nisa da asuba, sai ya zamana akwai mai ƙosai a hanyar dawowa. Na sayi wani shayi da aka ce yana narkar da kitse, abin da ya narkar kawai shi ne zamana a ofis, don rabin yinin a bayi na yi shi. Haka watannin suka wuce, igiyar akuya tana ɓoye a ƙasan jakata tana jirana.

Wata rana ina latse-latsen waya na ci karo da bidiyon wani asibiti a cikin birni. Wai ana daskarar da kitsen ciki da na'ura, ba yanka, ba allura, ka kwanta awa guda ka tashi ka kama gabanka. Nan take na fahimci lamarin a irin tawa fahimtar. Na tuna yadda kitsen miya ke daskarewa a kwano da safiyar sanyi, Inna ta sa cokali ta kwashe shi gefe. Na ce ashe ma abin mai sauƙi ne. Ana haka sai ga saƙon Inna ta wayar Binta: hadari ya fara, Asabar mai zuwa za a buɗe. Ranar Litinin na ce wa Binta muna da taron ƙara wa juna sani, na nufi birni.

Dole in yi wa ma'aikacin asibitin adalci, bai ɓoye mini komai ba. Ya kama naman cikina da yatsu ya ce, "Malam, wannan da nake iya kamawa, na ƙarƙashin fata, shi kaɗai na'urar ke taɓawa. Naka mafi yawa a can ciki yake, wannan sai rage ci da motsa jiki. Kuma ba yau za ka ga canji ba. Sanyin zai kashe kitsen, jiki ya yi ta kwashe shi a hankali, wata biyu zuwa uku."

Na ce, "To zuwa Asabar fa?"

"Wace Asabar?"

"Wannan mai zuwa."

Ya ce, "Asabar ɗin nan ai sai ma ya fi haka girma. Wurin zai kumbura, kuma zai yi kwanaki ba ka jin taɓi a kansa."

Na gyaɗa kai kamar mai fahimta. A raina na ce irin maganar ma'aikata ce, su faɗi nesa don kada a kama su da ƙarya. Ni ma haka nake yi wa malamai in sun zo neman canjin makaranta. Cikin duk bayanin da ya yi, kalma ɗaya na ɗauka na riƙe, wato zai ragu.

Aka shimfiɗa mini wani jiƙaƙƙen ƙyalle a ciki, aka kafa bakin na'urar, ta zuƙe naman ta riƙe gam. Sanyi ya shige ni har haƙorana suka fara haɗuwa, bayan 'yan mintoci kuma na daina jin komai, har na yi gyangyaɗi. Da aka cire, naman ya tsaya cur kamar curin man shanu, ya sa hannu ya murza shi, a nan ne na kira sunan Allah da gaske. Aka yi wa dama, aka yi wa hagu. Na fito da jajayen tambari biyu masu kusurwa huɗu a ciki, aljihuna kuma shi ne ya rame nan take.

Ranar Juma'a na ɗauko igiyar na gwada. Yatsu shida. Na dube ta da kyau, na yanke hukuncin cewa zaman jaka ne ya sa ta tsuke. (Mutumin da ke da takardar koyar da lissafi ke nan.)

Asabar da hantsi tsakar gida ta cika da matan maƙwabta, kowace da ƙwaryarta ta karɓar sadaka. Inna na zaune a kan tabarma a gindin ɗaki. Surukina, mahaifin Binta, wanda kowa ke kira Baba Wanzami, shi aka gayyata ya yi addu'a, amma ya aiko cewa yana wani aski, a fara kafin ya iso. Na tuɓe riga na rage daga ni sai singileti da wando, na hau tsani, na ɗaga jinka, na ɓamɓare murfin a hankali ina kaffa-kaffa da tafin hannun Baba. Ƙamshin nan ya taso ya doke ni, sai da na runtse ido. Shekara ashirin rabona da shi, bai canza ko kaɗan ba.

Na yi bismillah, na zura ƙafafu, na laluba sandar da ke gicciye a ciki na taka. Na shanye numfashi na fara sauka. Da cikina na jin taɓi, da ya gaya mini in tsaya tun da wuri, don nama mai rai ya san inda hanya ta ƙare. Amma nawa a kumbure yake kuma ba ya jin komai, sai na yi ta dannawa ina murna abu na tafiya. Rabin tumbin ya wuce, ƙafata ta zame daga kan sandar, nauyina ya ja ni ƙasa, na tsaya cak. Ƙafafu na lilo a ciki, hannuwa a waje, ni ba ciki ba, ni ba waje ba.

Na faɗa muku rumbun ya fi danga tsayi. Duk wanda ya bi hanyar gona yana ganina daga ƙirji zuwa sama. Wani maƙwabcinmu ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, sannu kadai."

"An buɗe rumbu ke nan?"

"An buɗe."

"Ya haƙuri? Ya mutanen birni?"

Na amsa masa gaisuwa tun daga iyali har gajiya, ina kallon gabas kamar mai nazarin hadari. Ya je gona ya manta wani abu ya dawo, ya same ni inda ya bar ni, muka sake gaisawa daga farko.

Daga ƙasa Binta ta ce, "Ka shiga mana, mutane na jira."

Na ce, "Ina duba wani abu ne."

Inna ta ce wa Binta, "Tambaye shi me yake dubawa."

Kafin in ƙirƙiro amsa aka yi sallama, sai ga Baba Wanzami da zabirarsa a rataye. Shekara goma sha biyu ina auren 'yarsa, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, idona a ƙasa. Yau ga shi a tsakar gida, ni kuma ina can sama da kansa kamar zakara a kan danga. Tsohon ya dubi ƙasa, inda ya saba samuna, sannan ya ɗaga kai a hankali.

Na sunkuyar da kai iyakar yadda wuya ya yarda na ce, "Barka da hantsi, Baba."

Ya ce, "Lafiya lau. Ƙarasa aikinka, ina jira."

Ya jira. Mata suka jira. Wata akuya ma ta daina tuƙa. Sai na ji wani ɗan sauti daga bayan hijabin Binta, na san ta gane, kuma ba za ta iya riƙewa ba. Na ce da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Baba, na maƙale."

Tsoho mai shekara saba'in ya ajiye zabira ya hau tsani, ya ce a miƙo man gyaɗa. Ya ɗage mini singileti, suruki fa, a gaban matan unguwa. Ya tsaya yana kallon jajayen tambarin nan.

"Wa ya yi maka ƙaho?"

"Ba ƙaho ba ne, Baba."

"Shekara hamsin ina kafa ƙaho, ban taɓa ganin mai kusurwa huɗu ba. Kuma ko tsagawa bai yi ba." Ya mintsini wurin. "Ka ji?"

"Ban ji ba."

Ya leƙa ƙasa ya ce, "Naman nan fa ba rai."

Na ga Inna ta miƙe tsaye da sauri, ta dafa bango. Ganin tsoron da ke fuskarta ya sa ban da zaɓi, dole na faɗi gaskiya da ƙarfi yadda za ta ji, wanda ke nufin yadda duk wanda ke bayan danga zai ji. Na ce ba ciwo ba ne, asibiti na je aka daskarar mini da kitse.

Baba Wanzami ya ce, "Da me?"

"Da sanyi."

"Sanyi dai wanda muke hura wuta muna kora, shi ka je birni ka saya?"

"E, Baba."

"To ina kitsen?"

"Sai nan da wata biyu zuwa uku zai tafi."

Ya shafa mini mai ya ce, "Ai na gan shi, yana nan bai ko ɗaure kaya ba."

Binta ta ce, "Ashe taron ƙara wa juna sanin ke nan." Matan da suka yi ta dannewa suka saki dariya gaba ɗaya.

Man gyaɗa bai yi ba. Maza biyu suka hau suka ja ni ta hammata, ko gezau. Rana ta fara zafi, ƙafafuna suka yi nauyi, numfashina ya fara guntulewa. Dariya ta ɗauke a tsakar gida. Baba Wanzami ya dubi fuskata ya ce, "Inna, sai dai a fasa bakin. In aka ƙara jinkiri abin zai zama wani abu."

Na rufe tafin hannun Baba da nawa na ce, "Kada a fasa. Hannun Baba ne a nan. Shi ne na ƙarshe da ya taɓa." Ƙato da ni, shafe da man gyaɗa, a saman rumbu, na fashe da kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Inna ta tako har gindin rumbun. Ba ta nemi Binta ba. Ta ɗaga kai ta dube ni ido cikin ido, abin da ban tuna ta taɓa yi ba tun da na yi wayo.

Ta ce, "Kai. Dubi ƙasa da hannunka. Ka ga inda lakar ta canza launi?"

Na duba. Zobe biyu ne a jikin bakin rumbun, ɗaya ja, ɗaya mai duhu. Sau nawa na hau tsanin nan ban taɓa lura ba.

"Na farkon, na shekarar da aka haifi ƙanwarka ne. Na biyun, na shekarar da ka tafi Bici. Duk sanda bakin ya matse shi sai ya fasa ya ƙara, yana yi yana dariya. Cewa yake, rumbun ne ya ciyar da cikin, dole ya ba shi hanya. Da ka tambaya, da tun jiya an jiƙa laka."

Ni a tunanina Baba siririn mutum ne, wanda ke zura ni da hannu biyu. Babbar riga da ƙauna sun ɓoye mini sauran.

Inna ta juya ta ce, "A fasa. Amma a bi hannun a hankali."

Baba Wanzami ya sa aka miƙo masa wata tsohuwar aska daga zabira. Ya yi ta zagaya tafin hannun nan yana yanka laka da natsuwar da yake yi wa jarirai aski, har ya ɗago shi ɗungurungum, ko yatsa ɗaya bai gutsure ba. Ya miƙa wa Inna ta karɓa da hannu biyu. Sannan aka sa fartanya aka ɓalle sauran, na zurma ciki na faɗa kan gero.

Na zauna a duhun nan ina mayar da numfashi. Sanyin wurin na nan, ƙamshin na nan. Goran iri na jingine a inda Baba ya saba ajiye shi, an toshe bakinsa da tsumman tsohuwar rigarsa. Wata fuska ta tare hasken sama, Baba Wanzami ya ce, "Ka isa?" Na ce na isa. Na miƙa gora, na miƙa ƙwaryar sadaka, aka yi addu'a.

Washegari na kwaɓa laka da ciyawa na gina zobe na uku, na mayar da tafin hannun Baba inda yake na liƙe. Inna ta koma halinta. Ta ce wa Binta, "Gaya masa ginin ya karkace." Can kuma, tana tsince wake ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ce masa ya sa nasa a gefe tun lakar ba ta bushe ba." Na dafa. Nawa ya fi na Baba faɗi, amma bai kai shi zurfi ba.

Ma'aikacin asibiti bai yi ƙarya ba. Bayan wata uku cikin ya ɗan sauka, wajen yatsu biyu a igiyar akuya, a lokacin da bakin rumbun ya riga ya isa in shiga har da buhu a hannu. Gurasar ƙofar ofis ta dawo mini da yatsun biyu kafin kaka.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu in wani abu ya matse ni, kafin in tafi birni in sayo sanyi, nakan fara tambayar Inna yadda Baba yake yi. Ta bakin Binta dai, don kallon nan na ranar sau ɗaya aka ba ni, kuma sai da na maƙale a rumbu na same shi.